Yadda Ake Zaman Natsuwa: Matakai da Maganin Gyangyaɗi, Sagewar Ƙafa da Yawon Tunani

Zaman natsuwa shi ne mutum ya samu wuri ya zauna, ya tsayar da jikinsa, ya ɗora hankalinsa a kan abu guda, galibi numfashinsa, na wasu mintoci. Hankalin ya zille, ya kamo shi ya dawo da shi. Na daɗe ina yin sa a nan Gombe, kuma na zaunar da mutane da dama a karonsu na farko, daga malaman makaranta zuwa 'yan kasuwa da ɗalibai masu shirin jarrabawa. Yawancin waɗanda suka watsar, abu uku ne ya kore su: sun zauna a karkace ƙafa ta dame su, ko sun zaɓi lokacin da barci ke dakonsu, ko an ce musu sai kai ya zama fayau babu tunani ko ɗaya, suka gwada suka kasa. Kowanne yana da gyara.

Tambayar da ake fara yi mini ita ce ta addini, don haka bari in sallame ta tun yanzu. Bin numfashi a zaune ya samo asali ne daga Indiya, wajen mabiya addinin Buddha, daga can ya bazu zuwa Sin da Japan. Salon da zan koyar a nan na asibiti ne. A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya fara koya wa majinyata masu fama da daɗaɗɗen ciwo da damuwa a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, a tsari na mako 8, ba tare da wata bauta a ciki ba. Ba a kiran sunan kowa, ba a rusuna wa komai. Ba ibada ba ne, ba kuma ya tsayawa a madadin salla, zikiri ko addu'a. Musulmi dama ya san tafakkuri da muraƙaba, 'yan'uwa Kirista na Billiri da Kaltungo su ma sun san keɓewa a yi addu'a shiru, waɗannan suna nan a matsayinsu. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kai wa malaminka bayanin abin da ake yi dalla-dalla, ka ji ta bakinsa.

Amfaninsa kuma kada a zuzuta. A 2014 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka shafi mutum 3,515, suka ga yana kawo sauƙi matsakaici ga fargaba, ciwon damuwa da raɗaɗin jiki. Matsakaici fa aka ce. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ci gaba da shan abinsa.

Kayan da za ka tanada

Tabarma ko darduma, da bargo a ninka a ɗora a kai, saboda idon sawu ba ya jure siminti. Sai abin da za ka zauna a kansa ya ɗaga ka daga ƙasa kamar tsawon tafin hannu: matashi mai tauri, ko bargo na biyu da aka ninka gida huɗu, ko tsofaffin zannuwa a cusa a rigar matashi har ta cika dam. Matashin soso mai laushi ba ya aiki, kana hawa zai lotse. Wannan abin zama shi ne kayan da ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma wanda aka fi rainawa.

Idan gwiwa ko ƙugu suna ciwo, ko jiki ya yi nauyi, ko mace tana da juna biyu, a ɗauko kujera mai tsayayyen mazauni ko benci. Kujerar falo mai nutsewa ta barci ce.

Kana buƙatar abin auna lokaci. Waya ta wadatar, in za ka kashe data, ka sa ta a shiru, ka saita ƙararrawa mai taushi, ka kifa ta nesa da inda hannu zai kai. Wanda ya san ba zai iya kallon waya bai leƙa WhatsApp ba, ya nemi agogon bango. In babu ko ɗaya, ƙirga numfashi da carbi: babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, saboda haka carbi mai 99, ƙwaya ɗaya kowane numfashi, yana cin kimanin minti 5 zuwa 8. Wasu ba sa son amfani da carbi a abin da ba zikiri ba, kuma na fahimce su. Su yi da gaɓoɓin yatsu, babban yatsa yana taɓa gaɓoɓi 12 na sauran yatsu huɗu.

Tufafi sakakku. Sassauta tazuge ko ɗaurin zani, cire bel. Da hunturu yafa mayafi, don jikin da ba ya motsi yana saurin jin sanyi. Da damina zauna cikin gidan sauro. Kada ka kunna maganin sauro mai hayaki a ɗakin da za ka zauna kana bin numfashi.

Wuri da lokaci

Ba sai ka samu ɗaki naka kai kaɗai ba. Kusurwar ɗaki, zaure kafin a fara shigowa, gindin bishiya a tsakar gida, ofis kafin abokan aiki su iso, duk sun yi. Sharaɗin shi ne ka riƙa komawa wuri ɗaya, kuma ba a kan gadon da kake barci ba.

A ganina babu lokacin da ya kai bayan sallar asuba, in an gama azkar, gari bai cika da hayaniya ba, ciki kuma ba komai. Na biyunsa bayan la'asar. Mafi muni shi ne bayan an ci tuwo an ƙoshi, ko tsakar rana a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Gombe kan kai digiri 40. Ka bar aƙalla awa ɗaya da rabi tsakanin babban abinci da zama. Uwargida mai ƙananan yara, asuba ba taki ba ce, na sani: ki duba tsakanin tafiyar yara makaranta da ɗora girkin rana.

Ka fara a ranar da kake lafiya lau, ba ranar da rai ya ɓaci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 1: Gyara mazauni

Zauna a gaban matashin, a kashi ɗaya cikin uku na gabansa, ba a tsakiya ba. Abin da ake nema shi ne ƙugu ya fi gwiwoyi tsawo. In gwiwoyi suka ɗara ƙugu, ƙashin ƙugu yakan kife baya, gadon baya ya lanƙwashe, tsokar baya ta shiga aikin riƙe ka, cikin minti biyar ta fara kuka. Dubi gwiwoyinka. Suna sama suna reto? Ƙara wani bargo a ƙarƙashinka. Har yanzu ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba? Cusa mata ninkakken zani ta samu abin dogara.

Mataki na 2: Ajiye ƙafafu

Hanya uku ce, ka zaɓi wadda jikinka ya yarda da ita. Ta farko, ka tanƙwashe ƙafafu, ɗaya a gaban ɗaya, dukkansu a ƙasa, kada wata ta danne wata. Ta biyu, ka durƙusa irin zaman tahiya amma ka sa matashi a tsaye tsakanin ƙafafunka ka hau shi, nauyi ya bar diddige. Wanda ya saba salla yakan sami wannan da sauƙi. Ta uku kujera: tafin ƙafa biyu a ƙasa, ka matso gaba kaɗan kada ka jingina. In ƙafa ba ta kai ƙasa ba, sa mata bulo ko ninkakken bargo.

Hotunan da kake gani a intanet na mutum ya ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya, kada ka kwaikwaya. Masu yin haka sun shekara suna sassauta ƙugunsu. In ƙugu bai saki ba, gwiwa ce ke murɗewa, ita kuwa an yi ta ne don lanƙwasa da miƙewa. Na kujera ba abin da ya rasa.

Mataki na 3: Daidaita baya, kai, hannu da ido

Yi lilo kaɗan dama da hagu, gaba da baya, kana rage shi har ka tsaya a tsakiya. Miƙe bayanka ba tare da ka sandare ba. Ja haɓa ciki kaɗan yadda bayan wuya zai miƙe. Ɗaga kafaɗu zuwa kunne, ka sake su su faɗi. Hannaye a kan cinya, ko ɗaya cikin ɗaya a gaban mara. In ka ji nauyin hannu yana jan kafaɗa gaba, ɗora matashi a cinya ka aza su a kai.

Rufe baki, amma kada haƙora su haɗu. Mutane da yawa suna cije muƙamuƙi ba su sani ba.

Ido kuma, ga sabon shiga na fi son a bar shi rabi a buɗe, a sauke kallo ƙasa kamar taku biyu a gabanka, ba tare da ƙura wa komai ba. Rufe ido gaba ɗaya yana jawo barci da mafarkin ido biyu. In buɗewar tana raba maka hankali, rufe, amma da ka ji kai ya fara nauyi ka buɗe.

Mataki na 4: Yanke lokaci

Minti 5 a makon farko. Za ka ga kamar wasa ne, ka yi haƙuri. Saita ƙararrawa, ka ƙudurta a ranka cewa ba ka tashi sai ta buga, ba ka kuma leƙa agogo. Abin da ke tashinka kafin lokaci sai lalura: yaro ya faɗi, an yi sallama da gaggawa, ko an kira salla.

Mataki na 5: Sauke jiki

Ja numfashi ta hanci, ka fitar a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Sau uku kawai. Dalilinsa shi ne zuciya takan ɗan ƙara sauri lokacin shaƙa, ta rage lokacin fitarwa, don haka doguwar fitarwa tana kwantar da jiki. Daga nan bi jikinka da hankali daga goshi zuwa ƙafa: goshi, ido, muƙamuƙi, kafaɗu, ciki, cinyoyi. Inda ka tarar a ɗaure, sake shi. Wannan bai wuce rabin minti ba.

Bayan ukun nan ka bar numfashi ya tafi yadda ya ga dama. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ci gaba da jan dogon numfashi da ƙarfi har ƙarshen zama. Hakan yana fitar da iskar da jiki ke buƙatar ya riƙe wani kaso nata a jini, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su fara zuga. In ka ji haka, ba wani abin tsoro ba ne, ka daina ja kawai, zai wuce.

Mataki na 6: Kafa turke

Hankali kamar akuya yake. In ba ka ɗaure ta a turke ba, sai gonar maƙwabta. In ka ɗaure ta, za ta ja, ta zagaya, ta yi kuka, daga baya ta kwanta. Turkenka shi ne wuri guda a jiki inda ka fi jin numfashi. Wasu a bakin hanci suke ji, sanyi in ya shiga, ɗumi in ya fita. Wasu a ciki, yana tasowa yana sauka. Saurara na numfashi biyar ko shida ka ga inda ya fi fitowa fili, ka tsaya nan har ƙarshen zaman. Kada ka riƙa sauyawa kowane minti.

Ji ake nema, ba tunani a kan numfashi ba. In ka samu kanka kana zana hoton huhu a ka, ko kana cewa "yanzu iska ta shiga maƙogwaro", ka bar jiki ka koma labari. In ba ka jin komai, ɗora tafin hannu a kan cibiya, hannun zai gaya maka.

Da hunturu, ƙura da mura sukan toshe hanci. Wanke shi da ruwan ɗumi kafin zama (mai alwala ya riga ya yi), ka mai da turkenka ciki. In ya toshe gaba ɗaya, buɗe leɓe kaɗan ka yi ta baki. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa kusa.

Mataki na 7: Ƙirga

Shiga da fita, ɗaya. Shiga da fita, biyu. Har goma, sannan ka koma ɗaya. A zuci ake yi, a ƙarshen fitar numfashi, da murya ƙasa-ƙasa yadda lambar ba za ta rufe jin numfashin ba. Haka ake fara koya wa sababbin ɗalibai a gidajen zaman Zen na Japan (wani reshe na addinin Buddha), kuma hikimarsa a bayyane take: ƙirga tana tona asirin hankali. In ka tsinci kanka a sha bakwai, ka san bakinka na ƙirga kai kuma ba ka nan. In ka manta inda kake, koma ɗaya. Sabon shiga da wuya ya wuce huɗu ko biyar bai ɓata ba, wannan daidai ne.

Mataki na 8: Dawowa

Nan ne aikin yake. Kana uku, sai kuɗin makarantar yara ya faɗo maka. Daga nan sai bashin da kake bin wani a Tudun Hatsi, sai maganar da ya gaya maka bara, sai amsar da ya kamata ka ba shi. Minti biyu sun wuce kafin ka farga. To wannan fargar ita ake nema. A daidai lokacin da ka gane ka tafi, yi abu uku: ce "tunani" a ranka sau ɗaya, saki kafaɗa da muƙamuƙi domin sun ɗaure tare da labarin, ka koma kan numfashi daga ɗaya.

Kada ka tsaya yi wa kanka faɗa. "Kai, ni ba na iya komai" shi ma tunani ne, kuma ya fi na farkon cin lokaci. Kada kuma ka tsaya binciken yadda aka yi ka taso daga kuɗin makaranta ka ɓulla rigimar bara.

Yawon hankali halin ɗan Adam ne. A 2010 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard sun bi mutum 2,250 ta wayoyinsu suna tambayarsu abin da suke tunani a lokuta daban-daban, suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Saboda haka zama bai ƙara maka tunani ba, ya dai sa ka fara ganin wanda dama yake nan. Wanda ya tafi sau talatin ya dawo sau talatin, ya yi atisaye talatin. Ni a wajena ya fi wanda ya yi shiru cikin daɗin gyangyaɗi ya tashi yana cewa zama ya yi kyau.

Akwai tunanin da ke naci saboda yana da gaskiya: ka manta ba ka kira wane ba, gobe ne ranar biyan adashi. Ajiye takarda da biro a gefe kafin ka zauna, ka zube duk abin da ke kanka a rubuce tun farko. In wani ya ɓullo a tsakiya, ce masa "bayan ƙararrawa". In ya dawo sau uku, rubuta kalma ɗaya ka koma.

Mataki na 9: Tashi

Ƙararrawa ta buga, kada ka zabura. Buɗe ido sosai, motsa yatsu, juya wuya, miƙe ƙafafu a gabanka ka murza su. Sai ka tabbata kana jin tafin ƙafarka kafin ka taka, domin taka sagaggiyar ƙafa yana sa targaɗe. Tashi a hankali, musamman dattawa da masu shan maganin hawan jini, saboda jiri. Ka ba kanka minti ɗaya kafin ka ɗauki waya.

Gyangyaɗi

Shi ne babban abokin gaba a zaman asuba. Alamarsa ta farko ba rufewar ido ba ce: lambobi ne ke fara narkewa, haɓa ta sauka, wasu hotuna marasa kan gado su fara giftawa. Da ka ga haka, miƙe baya, buɗe ido, ɗaga kallo zuwa bango, ka ja numfashi mai ƙarfi sau biyu. Mai da ƙirga kan shigar numfashi maimakon fita. In bai yi ba, tashi tsaye ka ƙarasa a tsaye, hannu a gefe. Wanke fuska da ruwan sanyi kafin zama yana taimakawa.

Amma in kullum sai ka yi gyangyaɗi, ba dabara ce ta gaza ba, bashin barci ne ke kanka. Babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare a kan waya ya tashi asuba, barci ya fi masa zama amfani. Goro da shayi da Nescafe suna kore gyangyaɗi, sai dai in an yawaita sukan kawo kishiyarsa, zuciya na bugawa, jiki ya ƙi zama.

Ciwo da sagewar ƙafa

Ka koyi bambance iri biyu. Akwai tsamin tsoka, a baya ko cinya, na jikin da bai saba ba. Wannan ka iya kallonsa na numfashi goma: ina yake daidai, zafi ne ko ja ne, yana ƙaruwa ko yana raguwa? Sau da yawa yakan sauya ko ya lafa. In bai lafa ba, gyara zama a hankali, sau ɗaya, ka ci gaba. Akwai kuma ciwo mai suka a cikin gwiwa, ko wanda ke harbawa daga ƙugu zuwa ƙafa. Wannan ba a yi masa jarumta. Sauya zama nan take, gobe ka hau kujera.

Sagewa kuwa yawanci jijiya ce aka danne, musamman wadda ta bi ta gefen gwiwa na waje. Ƙara tsawon matashi, matsa gabansa yadda bakinsa ba zai tokare bayan cinya ba, ka riƙa sauya ƙafar da ke gaba kowace rana. Ya kamata ta saki cikin 'yan mintoci bayan ka miƙe. In ta wuce haka ta ɗauki sa'o'i, ko ka ga ba ka iya ɗaga tafin ƙafa sama, je asibiti. Mai ciwon suga wanda dama ƙafarsa ba ta ji sosai, kujera ce tasa tun farko.

Ƙaiƙayi ka ba shi numfashi uku, yawanci yana tafiya. In sauro ne, kore shi.

Hayaniya da mutanen gida

A Jekadafari ko Bolari ko Pantami, wanda ke jiran gari ya yi tsit ba zai taɓa zama ba. Janareta, injin markaɗe, Keke Napep, masu talla, rediyon maƙwabci. Abin da ke wahalarwa ba ƙarar ba ce kaɗai, gardamar da kake yi da ita ce a zuci. In ta fi ƙarfin numfashi, mai da ita turkenka: saurari tashinta da saukarta, kusa take ko nesa, ba tare da ka shiga neman wane ne mai ita ba. Hirar mutane ta fi wuya, don kunne yana bin ma'ana. A nan toshe kunne da auduga ba laifi ba ne.

Ka sanar da mutanen gida tun kafin su gan ka a zaune shiru su fara salati. Magana gajera ta isa: "Hajiya, wani motsa hankali ne nake yi na minti goma don rage damuwa, in kin gan ni a zaune lafiyata ƙalau." Yara kuma a nuna musu agogo, a ce in doguwar allura ta kai nan Baba ya gama. Wasunsu za su zo su zauna gefenka na minti ɗaya su gudu, ƙyale su.

Ƙosawa, da abubuwan da ke ba mutum tsoro

Wata rana jiki zai ƙi zama, minti biyar su zama kamar awa. Faɗaɗa hankali ya game jiki duka, nauyinka a kan matashi, tafin hannu a cinya, maimakon matse shi a bakin hanci. Wasu kuma da zarar sun sa ido a kan numfashi sai ya ƙuntata, su ji kamar ba ya isarsu. Irin waɗannan su bar numfashi gaba ɗaya, su yi turke da tafin ƙafa ko da sauti.

Kana iya jin hannu ya yi girma, ko jiki na lilo, ko ka ga launuka a bayan fatar ido. Haka jijiyoyi ke yi in jiki ya daɗe bai motsa ba. Ba aljanu ba ne, ba kuma karama ba ce. Buɗe ido ka koma ƙirga.

Wanda ya kamata a yi taka-tsantsan da shi shi ne tsohon tashin hankali. Mutumin da ya taɓa hatsarin mota, ko aka kai wa garinsu hari ya yi gudun hijira, ko aka ci zarafinsa, shiru na iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa. In zuciya ta fara dukan uku-uku, gumi ya karyo, dakata. Buɗe ido, danna ƙafa a ƙasa, ambaci abubuwa biyar da kake gani a ɗakin, tashi ka sha ruwa. Kada ka ce sai ka daure. In ya maimaitu, ko baƙin ciki ya yi nauyi har kana tunanin cutar da kanka, je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Ƙwararru na jiha ka nemi a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa larurar jin muryoyi, ko ta kwana da kwanaki ba barci yana ta zumuɗi, kada ya fara sai da shawarar likitansa.

Ƙara lokaci

Mako na biyu minti 10, na uku 15, daga nan 20. Ga mai aiki da iyali, minti 20 a rana ya isa a zauna a kai. Tsarin Massachusetts yana ba majinyata aikin gida na minti 45 a rana, amma su suna da malami da suke gani kowane mako. Minti 10 kullum ya fi awa guda ranar Lahadi kawai. In ka tsallake kwanaki, kada ka rama, koma minti 5 ka sake hawa.

In ka kai inda kake zagaya goma sau da yawa ba ka ɓata ba, ajiye ƙirga ka bi numfashi haka nan. Ranar da kai ya cika, ɗauko ta.

Kada ka auna ci gaba da daɗin zama, domin yau daɗi gobe dambe. Duba waje: ka fara jin zafin fushi a ƙirji kafin magana ta fita? Kana lura da hannunka yana zuwa aljihu neman waya? Riƙe ƙaramin littafi ka rubuta kwanan wata, mintoci, da kalma ɗaya kan abin da ya dame ka. Bayan mako biyu karanta, abin da ya fi maimaituwa shi za ka gyara.

Azumi da tafiya

Da azumi, bayan sahur barci ne zalla. Hantsi ya fi, ko minti 10 bayan la'asar ga wanda ba ya kicin. Rage lokaci, kada ka ƙara.

Ranar da zama ya gagara, yi shi a tafe. Nemi fili mai taku goma zuwa sha biyar a tsakar gida, ka riƙa kai da komo a hankali, hankalinka a tafin ƙafa: ɗagawa, matsawa, saukewa. In ka kai ƙarshe ka tsaya, ka juya, ka dawo. A mota kuma, in fasinja ne kai daga Gombe zuwa Bauchi, ɗora jaka a cinya, aza hannu a kai, sauke ido, ka yi turke da ciki tunda girgizar hanya ba za ta bar ka ka ji bakin hanci ba. Mai amai a mota ya bar ido a buɗe yana kallon gaba. Direba da mai tuƙa babur su jira sai sun sauka.